Kyandir a Tsakar Rana

Marielis na durƙushe a falon gidan su Wilmer, saurayinta, tana shirya akwatin tafiya, sai mahaifiyarsa ta fito daga kicin.

"Mama, a sa min albarka," in ji Wilmer, kamar yadda ya saba kowace safiya.

"Allah ya yi maka albarka, ɗana."

Marielis ta miƙe. "Doña Eufemia, ni ma a sa min."

Matar ta leƙa akwatin. "Ke yarinya, wa ya ce ki haɗa min riga da takalmi wuri ɗaya?"

Tun da suka haɗu haka ake yi. Laifin Marielis ɗaya ne: 'yar unguwar talakawa ce ta kan tudu. Wilmer ya ce ba zai yi aure ba sai da yardar uwarsa. Marielis kuma ta gaya masa cikin kuka cewa in aka dawo daga wannan hutu na tsibirin Margarita ba a sauya ba, zobensa za ta mayar masa.

A cikin jirgin ruwa, Dubraska, ƙanwar Wilmer, sai rawar kai take yi. "Ni fa shofin da selfi suka kawo ni! Kar wanda ya ja ni coci!"

Doña Eufemia kuwa ba wanka a teku ya kawo ta ba. Bara, da babur ya kayar da Wilmer har aka fid da rai, ta yi wa Budurwa Maryamu alkawari: in ya tashi, za ta tafi da gwiwa tun daga bakin fili har cikin cocinta, da kyandir a kunne.

Ranar da aka je cocin, Dubraska ta sulale zuwa kantunan birnin Porlamar. Rana ta take, duwatsun filin kamar kasko, masu yawon shaƙatawa sai ɗaukar hoto suke yi. Doña Eufemia ta kai rabin hanya, gwiwoyinta suka fashe, ta kife kan gwiwar hannu, kyandir ɗin na sama.

"Mama, ya isa haka! Ba ni in ƙarasa!" in ji Wilmer.

"Dominka aka yi, ba kai za ka cika ba! Sai 'yar gida. Kira min Dubraska!"

Muryar Dubraska ta fito ta waya, kowa na ji: "Haba Mami, takalmi nake gwadawa! A bari sai gobe mana—"

Doña Eufemia ta fashe da kuka. "Budurwa Maryamu za ta karɓe ka daga hannuna, Wilmer! Na yi mata ƙarya!"

Marielis ta cire takalmanta. Ta san in aka ƙi ta a nan, a gaban jama'a, shi ke nan. Ta durƙusa kusa da matar, ta miƙa hannu.

"Na san ni ba 'yar gida ba ce. Amma ni ma na kwana a ƙofar asibitin nan. In kin yarda—"

Kakin kyandir na ɗiga a yatsun tsohuwar. Ta dubi ɗanta, ta dubi yarinyar da siket ɗinta ko gwiwa bai rufe ba.

"Dutsen zai cinye miki fata."

"Na sani."

Doña Eufemia ta warware gyalenta, ta yaga shi biyu, ta ɗaure wa Marielis gwiwoyi da hannunta. Sannan ta damƙa mata kyandir.

"Kare shi daga iska, 'yata. Tafi, Allah ya yi miki albarka."

Marielis ta ja gwiwa, hawaye na zuba, Wilmer na biye da uwarsa a kafaɗa. Da suka shiga inuwar cocin, wutar na nan ba ta mutu ba.

A watan Disamba aka ɗaura auren.

'Yan uwa, wanda ya daure wa wulaƙanci bai rama ba, ranarsa na tafe. Kuma iyaye su duba da kyau: ba unguwar da aka haifi mutum ce ke mai da shi ɗan gida ba.