Fuskar da Ɗan Kwalisa Ya Kasa Zanawa

Duk wanda ya ce muku ƙaddara ce ta faɗa wa Ɗan Kwalisa, ku turo min shi. Ni ne telan da ya shekara shida yana ɗinka abin da yake zanawa, teburinsa na jikin kekena. Hannu kam Allah ya ba shi. Zai kalli mawaƙiya a waya, kafin in zura zare ya zana ta cikin rigar da ba a taɓa gani ba. Amma wadatar zuci ko kaɗan babu. Kullum mita: wane ya samu kamfani, wance ta sa rigar wane. Har ya ishe ni.

Shi da bakinsa ya ba ni labarin bokan da ya je wa, bayan komai ya dagule. Da rana tsaka ya je, wani ɗaki a bayan filin 'yan gwangwan. Ɗakin cike yake da mutum-mutumin shago marasa kai, an shafe ƙirjinsu da jini har ya bushe ya yi baƙi, ƙudaje na bi. A tsakiya akwai tukunya rufe da jan ƙyalle, ƙyallen na ɗagawa yana sauka kamar cikin mai barci.

Boka ya ce ya san aikinsu: a fara zana jikin mutum da fensir, a ɗora masa kaya da tawada, sannan a goge fensirin. Ya tura hannu cikin tukunyar ya ciro baƙar kilina.

"Jikin da za ka zana ya zama na ɗan'uwanka na jini. Ka zaunar da shi a gabanka. In ka gama, ka goge da wannan."

"Me zai same shi?"

"Kai dai suna kake nema. Za ka samu."

"Ba a karɓar rago?"

"Rago ɗan'uwanka ne?"

Shi ke nan cinikin da ya yi a kan ran 'yan gidansu. Ya sa kilina a aljihu ya fito. Tir!

Da ƙaninsa ya fara. Wani babban mawaƙi ya sa rigar da ya zana a jikin ƙanin, gari ya ɗauka, ƙanin kuwa ya yi ta ramewa har ya mutu cikin wata biyu. Ɗan Kwalisa ya buɗe ofis mai gilashi, ya sayi mota, ya daina gaishe ni. Sai yayarsa. Ita ba ta mutu ba, tana nan ɗaure a ɗaki, duk tufar da aka sa mata sai ta yayyaga ta.

To, wani kamfani ya nemi zanen kayan manyan mata, sai marar kunyar nan ya zaunar da mahaifiyarsa. Baiwar Allah har da canza ɗankwali, tana murna yau ɗanta ya tuna da ita. Kafaɗa da hannu kawai ya auna, gurbin fuska ya bar shi fari, yadda masu zanen kaya suka saba. Da ta tashi ta fita, ya fara gogewa daga ƙafafu ke nan ya ji faɗuwarta a tsakar gida. A nan ne wai imani ya zo masa.

Ya ruga wajen boka yana kuka. Boka ya ce mafita ɗaya ce: ya cike gurbin nan da fuskarta kafin rana ta faɗi, da ka, ba hoto, ba kallonta.

Shagona ya faɗo, ya zauna a tsohon teburinsa yana gwadawa a takardu. Ya zana ta farko, mawaƙiya ta fito. Ya zana ta biyu, 'yar fim. Na ga sun kai arba'in a ƙasa, duk kyawawa, babu ita ko ɗaya. Gumi na zuba, ya ɗago ya dube ni.

"Baba tela, don Allah, Inna tana da wushirya?"

Shekara talatin da huɗu tana ciyar da shi. Ni da take kawo wa ɗinki sau biyu a shekara na san tana da ita, na kuma faɗa masa, amma hannunsa bai san ta ba. Kafin magariba aka kira shi a waya.

Yanzu yana yawo ba takalmi, yana zane da gawayi a bangon mutane, kuma wallahi ban taɓa jin tausayinsa ba. Ku masu neman suna ido rufe, ku kiyayi kwaɗayi, boka ba ya ba da kyauta. Washegarin ranar da safe na bi na share takardun nan na ƙona, muka tafi jana'izar Inna.