Farin Yadin Madam Eleni

"Likkafani ne, ya Yumma! Wallahi likkafani ne!"

Sittana ce, 'yar kawuna, ta shimfiɗe farin yadi a tsakar gidanmu na Omdurman tana haki. Daga shagon Jibirin tela ta ɗauko shi, Jibirin ɗin da ake shirin ɗaura mana aure bayan Sallah.

Ba ɗinki ko ɗaya a jikin yadin. A cikinsa an naɗe wasu ɓawo guda biyu masu saɓa-saɓa, kamar bayan ƙaton kyankyaso, suna ƙarnin teku.

"Lauratu, ya taɓa auna ki?" Yumma, mahaifiyata, ta tambaye ni.



Ya auna ni! Ranar Juma'a, da zare, daga kafaɗa zuwa idon sawu, yana dariya... Sai gawa ake wa irin wannan awo.

"Asiri ne," in ji Sittana. "Na ji ana yi don shago ya cika."

Na san ta daɗe tana haɗiyar yawu a kan Jibirin, har maɓallin rigarta take tsinkewa don ta sami dalilin zuwa shagon. Amma tsoro bai bar ni na tuna ba.

Yumma ta ce, "Kalas, an gama! Ba aure."

Sai ga sallamar Jibirin, gumi sharkaf. Tun daga shagonsa na Khartum ya biyo sawun kayansa.

Na ja da baya. Ya gani, kuma na ga yadda abin ya soke shi.

"Habibti... ni kike gudu?"

"Me za ka yi da tsawona, Jibirin?"

Ya durƙusa gaban Yumma. "Hajja, aikin Madam Eleni ne, Bagirkiyar nan mai kantin turare. Tufar kakanninsu ce, 'yarta za ta sa a bikinsu. Ba a ɗinka ta, naɗawa ake a maƙale a kafaɗa. Wannan ɓawon wata halittar teku ne daga Bur Sudan, da shi zan yi wa maƙalin ado. Yarinyar tsawonsu ɗaya da Lauratu, ni kuma ba zan kai hannu jikin 'yar mutane ba."

"Zance!" Sittana ta murguɗa baki.

Idon Yumma na kan yadin.

Jibirin ya miƙe, ya ɗauke shi.

"Kada ka...!" na ce.

Ya naɗa shi a jikinsa tun daga ƙirji har gwiwa, ya ɗaure kafaɗu, ya tsaya tsakiyar rana da siraran ƙafafunsa a waje.

"In likkafani ne, Hajja, ni ya fara ci."

Na jira ya faɗi, wallahi na jira.

Bai faɗi ba. Yumma ce ta kai bakin mayafinta ta rufe fuska, kafaɗunta na girgiza don dariya.

"Cire, ɗana, kafin maƙwabta su leƙo."

Ni kuwa kuka nake, na riƙe gefen yadin gam, na ƙi saki.