Mita Ɗari da Ashirin

Ana gab da magariba dutsen farko ya faɗo a kan kwanon ɗakin Auta. Mahaifinta, mai sana'ar jan wayar intanet a ofisoshi, yana tsakar gida yana naɗe ragowar waya. Na biyu ya faɗo, na uku ya biyo, aka leƙa bayan katanga babu kowa. Can sai aka ji Auta tana dariya da muryar da ba tata ba.

Uban dai ya san abin da ya aikata. Tun da ƙaninsa ya ja sabuwar wayar intanet ta gilashi zuwa sashensa, Auta ta tare can, wai ta fi sauri, ba ta da zance sai na Baba Ƙarami. Kishi ne tsagwaronsa ya ci shi. Shekara ashirin yana jan wayar tagulla, yau wanda ya goya ne gwani? Ya rantse sai ya kai mata tasa har ɗaki. To, tagulla ba ta wuce mita ɗari, in ta wuce saƙo mutuwa yake a hanya, kuma daga falonsa zuwa ɗakinta in an bi katanga ɗari da ashirin ne. Sai ya yi yanke, ya huda tsohon ɗakin ajiyar da ba a buɗewa tun rasuwar mahaifiyarsu, ko sallama babu.

Kwana uku yarinya ba ci ba sha, aka ɗauko malam bayan la'asar. Ya daɗe yana karatu kafin ya tambayi mai maganar ko wane ne.

"Mai ɗakin," in ji muryar. "Dā a ƙofata take zama tana karatu, ina saurare. Yanzu hirar duniya ke ratsa ɗakina, ko kalma ɗaya babu tawa."

Malam ya ce ya fita. Muryar ta ce sai an tsinke wayar baki ɗaya. Malam ya ce yarinya na karatu da ita, za dai a kewaye masa ɗakinsa ta katanga. Sai Auta ta yi atishawa sau uku, ta nemi ruwa.

Uban bai buƙaci awo ba. Ya san tagulla ba za ta kai ba. Ya zare wayarsa, ya toshe hudar, ya taka zuwa sashen ƙaninsa. Ya jima a tsaye a bakin ƙofa kafin ya yi sallama.

"Gilashin nan naka," ya ce, kansa a ƙasa, "akwai saura?"