Inda Zanen Titi Ya Goge

Ranar da Amaro Cárcamo ya shigo wurin sayar da motoci a garin Osorno, takalman robarsa duk kashin shanu ne, don haka ma'aikata kowa ya duƙufa kan wayarsa kamar bai gan shi ba. Maite Oyarzún ce kaɗai ta miƙe.

"Yallaɓai, saye za a yi ko fakewa daga ruwan sama?"

"In fakewar kyauta ce, a fara da ita," ya ce yana murmushi.

Likitan dabbobi ne, kullum yana hanya daga wannan gonar madara zuwa waccan. Ta ɗauko makullin wata sabuwar mota, suka hau babbar hanyar Puerto Montt don ya gwada.

"Ɗan karkata zuwa gefe," ta ce.

Yana karkatawa sai sitiyarin ya yi rawa a hannunsa, ya murɗa kansa kaɗan, motar ta koma tsakiyar layinta. Amaro ya zaro ido.

"Wato tuƙa kanta take yi?"

"A'a. Kada ma wannan maganar ta sake fita daga bakinka. Ƴar kyamara ce a jikin gilashin gaba take kallon farin zanen titi. Nan babbar hanya ce, zane raɗau, shi ya sa ta burge ka. Ka shiga hanyoyinku na ƙauye inda fenti ya goge, ko ruwa ya tsananta, ko kwana ta yi kaifi, makauniya ce. Inda ake gyaran hanya kuwa tsohon zane take bi, sai ka yi kokawa da ita. Hannunka biyu a kan sitiyari, kullum."

"Ke haka kike ciniki? Kina kushe hajarki?"

"Na fi son ka dawo canjin mai da ranka."

Ya sayi motar. Da yamma saƙonsa ya shigo wayarta:

"Siririya, motar ta kawo ni gida lafiya. Hankalina ne dai aka bari a ofishinku. Yaushe zan zo ɗauka?"

Ta daɗe tana kallon saƙon kafin ta amsa:

"Likitan shanu, muna tashi da yamma. Ka wanke takalmanka."

Daga nan abu ya kankama. Kafin sanyin shekarar ya shigo, har ta zauna a teburinsu ranar Lahadi. Mahaifinsa, Don Heriberto, manomi ne mai barkwanci, tun ranar farko ya fara kiran ta ƴata. Mahaifiyarsa, Doña Edelmira, ta dai zuba mata miya, amma ba ta sake mata fuska ba.

Wata safiya cikin watan Yuli, ana yayyafi, Don Heriberto ya ari motar ɗansa zai je duba maruƙa a wata gona. A wata kwana, inda kwalta ta tsufa zanenta ya goge, motar ta miƙe ɗoɗar ta faɗa kwari. Ya rayu, amma ƙashin bayansa ya karye. Likitoci suka ce shi da tafiya har abada.

Maite ta baro aiki a guje zuwa asibiti. A barandar ɗakin tiyata Doña Edelmira ta tare ta.

"Me kika zo gani? Aikinki?"

"Señora, na zo ne..."

"Ke ce kika ce musu motar tana tuƙa kanta! Kin karɓi ladan cinikinki, kin bar ni da miji a kwance. Fita!"

Maite ta juya ta kalli Amaro. Shi ya san abin da ta faɗa masa a kan hanyar nan, kalma da kalma. Magana ɗaya kawai take jira daga bakinsa. Amma ya ƙura wa ƙasa ido, bai ce uffan ba.

Bayan ta koma gida ya turo saƙo:

"Siririya, ki yi haƙuri. Mama ba ta cikin hayyacinta. Ki ba ni lokaci."

Ta ba shi lokacin. Sanyi ya wuce, itatuwa suka yi fure, Doña Edelmira na nan tana yawo da sunanta a kasuwa da bakin coci. Masu sayen mota suka fara cewa a haɗa su da wani ma'aikacin. Amaro yana zuwa wurinta a ɓoye, ya rame, ba ya iya haɗa ido da ita. Sai kuma ga labarin Rocío, ƴar ƙawar Doña Edelmira, wadda ke yi wa tsohon gashin ƙashi da motsa jiki. Aka ce ita ce yanzu take zama a teburin Lahadi. Wata rana Maite ta hango su a bakin asibiti, Rocío ta dafa kafaɗarsa tana yi masa magana ƙasa-ƙasa.

Ta rubuta masa:

"Amaro, na ɗauki zagin da ba nawa ba saboda kai. Ba zan ɗauki wannan ba. Allah ya ba ku zaman lafiya."

Ta rufe lambarsa.

Bayan wasu makonni, tana goge gilashin wata mota, ta ji an ce, "Ƴata, ba a sayar da mai ƙafa huɗu a nan? Tawa biyu ce, kuma turawa ake yi."

Don Heriberto ne a keken guragu, Rocío na tura shi. Rocío ta gaishe ta, ta ce, "Ni dai aikina ƙafafun tsohon nan ne, ba zuciyar ɗansa ba. Ina da nawa saurayin a Temuco." Ta fita ta ba su wuri.

Tsohon ya shafi gwiwarsa, ya dube ta.

"Jiya na ji abin da Edelmira ke faɗa a kanki. Ɓoye mini suke yi. Ƴata, ba ke kika ce mini komai ba. Amaro ne. Ya ɗauke ni a babbar hanya, ya saki sitiyari ya ɗaga hannuwa sama yana dariya, ya ce, 'Baba, dubi, ko barci za ka iya yi.' Ni kuma ran nan ina jin sanyi, na saki hannu zan tsiyaya ruwan zafi daga fulas in sha shayin mate. Na ɗauka za ta sha kwanar da kanta."

Sai a lokacin Maite ta gane. Ashe shirun Amaro ba don tausayin uwarsa ba ne. Bayan ita Maite ya laɓe.

Da yamma ta iske shi a wata gona, hannunsa cikin safar roba. Yana ganin fuskarta ya gane.

"Wata nawa, Amaro? Wata nawa ana jifana kana tsaye?"

"Na ji tsoro," ya ce. "In Mama ta sani, ba ta da miji mai ƙafa, ba ta da ɗa. Kullum ina cewa gobe zan faɗa."

"Sai ka ba ta ni ta tsana."

"Siririya..."

"Kada ka kira ni haka. Ba ka biya kuɗin wannan sunan ba tukuna. A gabana za ka faɗa mata, yau."

Ya faɗa. A ɗakin girkinsu, kusa da murhun itace, ya tsaya ya faɗi komai. Doña Edelmira ta saurara har ƙarshe, hannunta riƙe da wuƙar firar dankali. Ba ta yi kuka ba. Ta kalli ɗanta kallon baƙo, sannan ta kalli Maite. Maite ta zaci za ta ba ta haƙuri.

"Da ba ki sayar masa ba, da bai nuna ba," ta ce. "Ku fita mini, ku duka biyun."

Maite ba ta yafe masa da wuri ba. Ya yi ta zarya, ya bi mutanen da uwarsa ta ɓata ta a wurinsu ɗaya bayan ɗaya yana gyara magana da bakinsa. Tana son sa, wannan bai taɓa canzawa ba, sai dai yanzu ta san iyakar jarumtarsa, kuma da wannan sanin ta amsa masa.

Cikin watan Janairu aka ɗaura auren a ofishin rajista, da mutane ƴan kaɗan. Iyayen Maite suka zauna a dama. A hagu kujera ɗaya na nan babu kowa, kusa da keken Don Heriberto.

Da aka gama sa hannu, tsohon ya yafito su. Suka durƙusa a gabansa, ya ɗora tafinsa a kan kowannensu.

"Allah ya yi muku albarka. Ya ba ku ƴaƴa masu faɗar gaskiya tun tana da zafi. Amaro, ka riƙe yarinyar nan, ta fi ƙarfin abin da ka cancanta."

Amaro ya shafi kwalar farar rigar mahaifinsa, wadda ta sha guga har tana sheƙi.

"Baba, wa ya shirya ka haka?"

"Uwarka. Tun da sassafe ta goge rigar, ta aske ni, ta taje mini gashi. Ta ce ba zan je auren ɗanta kamar mara galihu ba."

"Ta ce a gaishe mu?" Maite ta tambaya a hankali.

Tsohon ya matse hannunta.

"A'a, ƴata. Ba ta ce ba."