Kiɗan da Ba a Yi a Ƙofarmu

Zanko na ɗora goge a kafaɗa ya fara ja, na ga kofin gahawa ya suɓuce daga hannun Mama.

Kiɗan mahaifina ne.

Kawu Bero, ƙanin mahaifina, ya miƙe ya damƙe wuyan gogen, sautin ya katse a tsakiya.

"Kai ɗan gidan wa ne? Ba a mutuwa a danginku?"

Mu Manush, ƙabilar da ke yawo gari-gari tana kwana a motoci, ba ma wasa da wanda ya rasu. Da mahaifina ya cika a sanyin da ya wuce, mun ƙone motar da yake kwana a ciki, da jitarsa da hularsa, ko cokali ba mu bari ba. Sunansa ba ya fita daga bakinmu. Mama ta bar cin naman bushiya don shi ne abin da ya fi so. Kiɗan da ya saba yi kuwa, ko rediyo ce ta sako shi sai a kashe ta. Mutanen gari suna cewa mun manta da matattunmu tunda ba ma zancensu. Su suka jiyo.

Zanko namu ne, ya san duk wannan. Sai dai danginsa can arewa suke yawo, wajen Alsas, bai taɓa ganin mahaifina ba. Bara muka haɗu a nan bakin teku, inda ayarin kowa ke sauka duk watan Mayu don ziyarar Sara Baƙa, waliyiyarmu. Tun daga ranar zuciyata ba ta ƙara zama wuri ɗaya ba. Bana ya zo gaida Mama, ya sha farar riga da man gashi kamar mai zuwa ɗaukar hoto, ga shi kafin ya zauna ya ɓata komai.

Mama ba ta yi faɗa ba, da ma ta yi. Ta shige mota ta ja ƙofa, daga ciki ta aiko Kawu ya gaya mini cewa muddin tana numfashi yaron nan ba zai ƙara taka ƙofarmu ba.

Na sami Zanko bayan dawakai, zaune a kan rairayi, gogen na ajiye a gefe. Da ƙyar na ciro maganar daga bakinsa. Ashe Nuka ce, 'yar Kawu Bero, wadda tun bara take gyara ɗankwali duk inda ya gilma. Ita ta rera masa kiɗan a hankali, ta ce ba abin da ke faranta ran Mama kamarsa. Shi kuwa ya yi murna, don ya iya shi tun yana ƙarami. Kakansa ne ya koya masa, ya ce da shi suka riƙa lallashin yunwa a bayan shingen waya, lokacin da aka tsare mutanenmu a yaƙin Jamus.

Na miƙe zan je in tona mata asiri a gaban kowa. Ya riƙe gefen siket ɗina, ya kira sunana.

"Luluji, hasken idona... zauna."

"In zauna ta raba mu?"

"Gida biyu ne na wa da ƙane, kuma kuna cikin makoki. In kin faɗa, sun rabu ke nan. Hannuna ne ya ja gogen."

Na zage shi, na ce kirkinsa ya yi yawa har ya zama wauta. Na yi kuka har hancina ya toshe. Ina son sa, ina kuma jin haushinsa, kuma na san gaskiya ya faɗa.

Washegari aka fito da Sara, wato mutum-mutuminta, daga ƙarƙashin majami'a, an lulluɓe ta da mayafai kala-kala, fararen dawakai a gaba, mu muna biye har cikin ruwa. Mama na tsaye ruwa ya kai mata gwiwa, baƙar rigarta ta jiƙe. Sai ga Zanko yana ratsa jama'a, ba goge a hannunsa. Kawu ya yunƙura, wata tsohuwa ta riƙe shi, ta ce ba a faɗa a gaban waliyiya.

Zanko ya durƙusa a cikin ruwan.

"Mama, ban san shi ba, amma na taka shi. Kiɗan nan shi kaɗai na gada a wurin kakana. Daga yau na bar wa marigayin. Ko a bikina, ko ranar da kakana zai tafi, ba zan ƙara jan sa ba."

A wurinmu ba abin da ya fi wannan nauyi. Jinin mamaci ne kawai ke barin abu dominsa, baƙo ba ya yi.

Mama ta juya ta kalli teku. Da ta yi magana, muryarta ta dusashe.

"Ka san abin da ya ƙona mini rai? Da Bero ya riƙe gogen nan, haushinsa na ji. Na so ka ƙarasa... Ni matarsa, na so ka ƙarasa."

Ta rufe fuska da mayafi ta wuce. Ba ta ce e ba, ba ta ce a'a ba. Da ma a wurinmu uwa ba ta ba da 'ya da baki. Gudu ake yi, a dawo a durƙusa. In aka mare ku an karɓe ku, in aka juya muku baya kuwa, ba ki da uwa ke nan.

Da hantsi muka gudu, a tsohuwar motar yayansa mai tari kamar tsoho. Kwanakin da muka yi a hanya ban iya cin abin kirki ba, tsoron ƙeyar Mama kawai nake.

Da muka dawo, ayarin ya fara kwance rumfuna. Kowa ya bar abin da yake yi. Nuka ce kaɗai ta ci gaba da naɗe igiyar shanya, ba ta ɗago ba, har yau kuma ba ta iya haɗa ido da ni. Muka durƙusa a ƙofar motar Mama.

Ta fito tana goge hannu a jikin rigarta. Ta dube ni, ta dube shi. Sai ta juya, na ga bayanta, numfashina ya tsaya.

Zobenta ta cire ta ajiye a kan matakala.

Nawa marin bai fi na korar ƙuda ba. Na Zanko kuwa, har motar ƙarshe an ji shi. Ya dafe kunci, hawaye na zuba, yana dariya.

"Wannan nawa ne," in ji Mama. Ta ƙara masa wani a ɗaya kuncin, a hankali, hannunta ya daɗe a wurin. "Wannan kuma na marigayin. Tashi, ɗana."