Maɗacin Kurmi a Gonar Giyawa

Da hantsi Mashkura ta shigo caji ofis na Goronyo, littafinta a hammata.

"Ranka shi daɗe, an ɗauke min dashe goma sha biyu. Maɗacin kurmi na, daga Kudu na kawo irin. Shekara ukku ina renon su, jibi malamaina za su taho dubawa. In babu su, digirina ya tsaya."

Sufeto Halilu ya ɗauki hularsa.

Rumfarta tana kusa da dam, an lulluɓe ta da raga. Kowane dashe yana da katin sunansa, da bayanin ganye da ɓawo da rubutun hannunta. Mutanen gari sun daɗe suna yi mata dariya, wai ɗiyar boko mai shayar da itace. Ko sau ɗaya ba ta fasa ban ruwa ba.

"Akuyoyi na, yallaɓai," in ji Sale maigadi.

"Akuyar da ta cire katunan ta jera su bisa dutse? Ta kuma taho da jaki?" Sufeto ya nuna sawu.

Sale ya sunkuyar da kai. Ya yarda ya tafi suna jiya da la'asar, ya bar wa Maccido mai magani tsaron ƙofa.

Da azahar suka isa gonar Maccido a Giyawa. Can bakin iyaka, a tsakiyar rana, sabbin dashe ne a jere, duk sun langwaɓe.

"Baba, mi ka shuka nan?" Sufeto ya tambayi Maccido.

"Maɗaci, don magani. Bakin gulbi na tono su."

"Maɗacin gulbi yaushe ya fara jin tsoron rana? Malama, diba muna."

Mashkura ta durƙusa. Ta tsinko ganye daga babban maɗacin gonar, ta kara shi da na dashen.

"Namu bakinsa gajere na. Wanga kuwa ga dogon tsini, ta nan ruwan sama ka tsiyayewa cikin kurmi. Ƙaraminsa inuwa shika so. Baba, ka dasa su kamar namu, kana kashe su."

Maccido ya daɗe yana kallon ganyayen biyu.

"Shekara arba'in ina saran ɓawo, ban taɓa lura da bakin ganye ba. Ni na kwashe su. Na ɗauka wasan yara kika yi, ɗiyata."

Kofur ɗin da ya rako su ya fito da ankwa. Sufeto ya ɗaga hannu.

"Tukuna. Shi fara tone su."

Maccido ya tone, ya ɗora a mangalar jakinsa. Mashkura ta jiƙa buhu ta rufe, tana taɓa kowanne. Tara za su rayu.

"Tara sun isa?" Sufeto ya tambaya.

"Sun isa. Da huɗu na fara aikin, ranka shi daɗe."

Aka sa Maccido a bayan mota. Ita ta ƙi shiga. Ta kama igiyar jakin, ta bi gefen hanya inda akwai inuwa.