Maɓalli Na Uku

Ranar da Zinatu ta fara ganin Imrana, faɗa ta yi masa.

Kwamfutar shagonta da ke bakin tasha a Aliero ta yi kwana uku tana wasa da hankalinta, sai aka ce akwai wani saurayi a Jega da ke tayar da matattun kwamfutoci. Ya zo a kan babur, siriri, da jaka a baya. Ya sa mata wani tsari da ya kira Linux, ya buɗe wani baƙin allo ya hau rubuta umarni da Turanci, yana murmushi kamar ya yi abin a yaba masa.

"Malam, mine ne wanga?" in ji Zinatu. "Ni sana'ata tura karatu da wa'azi da hotuna cikin katin waya. Kai ko ka kawo min allon makaranta. Mutane na jirana."

Bai ji haushi ba. Ya ɗago ya dube ta, sannan ya yi saurin mai da ido kan allon.

"Ki ba ni kwana biyu. Zan yi mishi huska."

Ya kuwa yi. Da ya dawo, baƙin allon ya koma ɓoye. Tana sa kati sai wani ɗan akwati ya ɓullo a tsakiyar allo, da Hausa tsantsa: "Sannu da aiki, Zinatu. Me za a yi wa katin nan?" A ƙasa ga maɓallai biyu, Duba da Kwafa. In ta danna Kwafa, wata sanda ta riƙa cika a hankali har aiki ya ƙare. Ya yi mata bayanin cewa umarnin suna nan a baya cikin abin da ake kira sikirif, akwatin kawai yana tambaya ne ya kai musu amsa, kowane maɓalli da lambar da yake mayarwa. Ba ta fahimci rabin zancen ba. Abin da ta fahimta shi ne, akwai mutumin da ya zauna ya koya wa na'ura kiran sunanta.

Daga nan kwamfutar ta koyi ciwon da ba ya warkewa. Duk mako sai ta sami dalilin kiran mai gyara, shi kuma mai gyaran bai taɓa cewa Jega da nisa ba.

Wata safiya ta kunna, akwati ya fito da tambayar da ba ta shafi kati ba: "Kin yi kewar mai gyara?" Maɓallan biyu duk "I" aka rubuta a kansu. Ta yi dariya har da riƙe ciki, ta tura masa saƙo:

"Wanga zalunci na. Ina maɓallin a'a?"

Amsa ta zo nan take:

"Na neme shi cikin zuciyata ban gane shi ba, Tauraruwata. In kin matsa sai in gina miki, amma ranar zan rufe jakata in bar aikin kwamfuta."

Ta karanta ya fi sau goma.

Mahaifinta, Malam Sharif, manomin albasa ne da ake ji da shi a Aliero, mutum mai ƙarancin magana tun rasuwar matarsa Iyatu shekara biyu da suka wuce. Da aka kai masa zancen Imrana, tambaya ɗaya ya yi: ɗan gidan wa? Aka ce ɗan mahauta ne a kasuwar Jega. Shi ke nan. Ba a tambayi sallarsa ba, ba a tambayi halinsa ba. Wuƙar da ubansa ke riƙewa don ciyar da gari ita ce laifin yaron, alhali gidan Malam Sharif ba a kwana biyu ba a ɗora tukunyar nama ba.

"Ba ni tilasta miki kowa," ya ce da ita. "Ga Waliyyu na Maiyama nan shina ta zarya, in kin so shi to, in ba ki so ki bari. Amma wancan, ba da bakina ba."

Waliyyu dillalin albasa ne, ba shi da wani aibu sai dai in ya zo hira ba ya zancen komai sai tirela da hanyar Kudu. Zinatu takan ba shi ruwa, ta ba shi kunne ɗaya, ɗayan yana wajen wayarta.

Ana cikin haka ta roƙi Imrana abu biyu. Na farko, hanyar tura abu kai tsaye zuwa sababbin wayoyi. Na biyu, hanyar wanke kati tas, domin mata kan kawo katin da za su bayar ko su sayar, suna tsoron hotunansu su faɗa hannun banza. Sannan ta haɗa da ƙorafi.

"Kuma akwatin ga naka ya cika tambaya. Na danna abu, shi ce kin tabbata? Na sake dannawa, shi sake tambaya. Sai ka ce suruka. Ka ɗebe min shi."

Imrana ya ce, "Tambayar ga tana da amfani hwa."

"Ba ka yarda da hankalina ba ke nan."

Saurayi dai saurayi ne. Ya cire.

Ranar Laraba ya biyo ta shagon tana gida wajen girki, ya yi aikinsa ya wuce, ya bar mata saƙo:

"Na sa miki ɗaya daga cikin abin da kika roƙa. Duba maɓalli na uku. Ɗayan sai mako mai zuwa. Ki ci abinci don Allah, kin rame."

Washegari da hantsi sai ga Malam Sharif da kansa a shagon, abin da bai taɓa yi ba. Ya zaro wani ƙullin leda daga aljihu, ya warware a hankali. Katin tsohuwar wayarsa ne. Zinatu ta san abin da ke ciki, don ita ta ɗauka da hannunta lokacin jinyar mahaifiyarta: hirar Iyatu, addu'o'inta, waƙar daka da take rerawa tana dariya, da wata doguwar nasiha da Iyatu ta fitar da kowa ta ɗauka ita kaɗai, ta ce a ajiye wa Zinatu sai ranar aurenta, wadda har yau ba wanda ya saurara. Babu wani wurin da muryar take a duniya sai cikin wannan ɗan abu mai girman farce.

"Wayar ta hwara mutuwa," ya ce. "Ga sabuwa an kawo min. Maishe min uwarki ciki."

Ta sa katin, ta jona sabuwar wayar. Akwati ya fito da maɓallai uku: Duba, Kwafa, Share.

Yarinyar da ta yi shekaru tana danna wannan kalma a waya, idonta bai ga Hausa ba. Turanci ta gani, kalmar nan da ake dannawa in za a tura wa wani hoto. Har ta ji daɗi a ranta, ta ce Imrana ya kyauta, ga turawar da ta roƙa ta zo a kan gaɓa. Shi kuwa da ya rantse ba zai sa kalmar Turanci ko ɗaya a akwatinta ba, shara yake nufi, irin ta tsintsiya.

Ta danna. Ba abin da ya tambaye ta. Sanda ta fara cika, uba da 'ya suna kallonta, har Malam Sharif yana cewa ikon Allah. Da ta cika, akwati ya ce: "An share tas. Ba abin da ya rage."

Zinatu ta karanta. Ta tuna kalmar da ke kan maɓallin, ta sake karanta ta da Hausa. Ta lalubo wayarta ta kira Imrana.

Imrana ya iso daga Jega cikin abin da bai kai rabin awa ba. Ya yi ta gwaje-gwaje har la'asar, gumi na ɗiga daga haɓarsa, alhali ya fi kowa sanin aikin banza yake yi. Shi ya gina abin don kada wani ɗan iska ya iya dawo da hoton matar mutane, ya sa ya bi katin lungu-lungu yana rubuta sifili a kan komai. Aikin ya yi kyau, kyan da ya kashe su.

Ya je gaban Malam Sharif ya durƙusa.

"Baba, laihina na. Ni na gina abin ba daidai ba. Ba ruwan Zinatu."

Tsohon ya dube shi.

"Na binne ta sau guda da hannuna," ya ce. "Yau kai ka sake binne min ita. Tashi ka ba ni wuri."

Zinatu tana tsaye a bakin ƙofa, maganar tana cikin bakinta: ni na danna, ni na ce a cire tambayar. Ba ta faɗa ba. Tsoro ya riƙe mata harshe, ta bar shi ya fita da kayan da rabinsu nata ne. Wannan shirun ya fi komai cin ta daga baya.

Wata biyu ba ta buɗe shago ba. Gari kuma ya sami abin taunawa, ana cewa dama me ake jira daga ɗan mahauta in ba yanka ba. Waliyyu ya ƙara yawan zuwa, har ranar da ta ce masa ya yi haƙuri, ya tafi bai sake dawowa ba. Imrana bai kira ba. Saƙo ɗaya ta tura masa:

"Ka tsane ni ko? Ka faɗa min gaskiya, na cancanta."

Sai bayan kwana biyu ya amsa:

"Wanda ya gina ƙofa a bakin rijiya bai sa mata sakata ba, ba ya tsanar wanda ya faɗa. Ina Sarandosa. Ki yi min addu'a."

Ashe tun ranar yake yawo. Ya bi dangin Iyatu gida-gida, Aliero da Fagada da Maiyama, yana roƙon a ba shi tsofaffin wayoyi da katuna ya duba ko ta taɓa aika wa wani saƙon murya. Wasu suka ba shi, wasu suka kore shi. A Sarandosa, wajen ƙanwar Iyatu, Inna Amariya, cikin wata fasasshiyar waya da ke ƙasan kwalla, ya sami guda ɗaya. Daƙiƙa goma sha ɗaya.

Ranar da ya kawo, Zinatu ta riga shi magana. Ta durƙusa gaban mahaifinta a zaure.

"Baba, ni nid danna. Kuma ni nis sa shi ɗebe tambayar da za ta tsai da ni. Ya ɗauki laihin don kar ka yi hushi da ni."

"Na sani," in ji Malam Sharif. "Ina zaune, na ga yatsan da ya danna. Na dai rasa yadda zan yi hushi da ke, kina da huskarta."

Ya karɓi wayar daga hannun Imrana ya kara a kunne. Ya saurara, ya sake, ya sake. Bai bar kowa ya ji ba. Sannan ya sa ta a aljihu, ya yi magana yana kallon bango.

"Waƙar ta tahi. Nasihar da tab bar ma ɗiyarta ta tahi. Wanga bai maishe su, kuma kar ka zaci na mance. Amma wanda ya ɗauki zagin gari wata biyu bai buɗe baki ba, zai iya riƙon mace. Ka ce ma ubanka shi turo."

An ɗaura aure bayan an kwashe albasa. Mahautan Jega suka cika unguwa, aka ci nama har aka ture, waɗanda suka yi ta zagi su suka fi kowa miƙa kwano. Zinatu ta sha lalle ta sha kyau, amma duk wanda ya dube ta da kyau ya san akwai abin da babu a bikin nan.

Da yamma, da za a kai ta, aka shigar da ita ɗakin mahaifinta, Imrana na durƙushe daga bakin ƙofa. Nan ne ya kamata a kunna mata doguwar nasihar uwarta. Malam Sharif ya zaro wayar.

"Abin da ya rage muna ke nan. Da ƙanwarta take magana, ba da ke ba. Amma ki ji."

Ya danna. Muryar Iyatu ta cika ɗakin, garau, da ƙarar turmi a bayanta:

"Amariya, kin tashi lahiya? Ki ci abinci hwa, kar ki zauna da yunwa. Ki gaishe min da maigidan. Sai na zo."

Zinatu ta kifa kai a gwiwar mahaifinta ta fashe da kukan da ta riƙe tun ranar shagon. Inna Amariya ta toshe baki da mayafi ta fita. Tsohon ya bari har ta yi mai isarta, sannan ya ɗora hannu ɗaya a kanta, ya miƙa ɗayan ya yafito Imrana ya matso.

"Kin ji, ta ce ki gaishe mata da maigidan, ga shi nan," ya ce. "Ni wane ne da zan ƙi? Allah shi yi muku albarka, shi ba ku zaman lahiya da zuri'a ta gari. Ku tashi ku tahi, kar in yi kuka gaban suruki."